Gwaggo da Haƙorin Sama

Ranar da aka fara zaman makokin Gwaggo a gidanta na Samaru, tambaya ɗaya na yi ta amsawa har muryata ta dushe. Duk wanda ya shigo sai ya zauna a benci, ya ce sannu da haƙuri, sannan ya sunkuyo ya tambaye ni abin da ya same ta. In ce haƙori. Sai ya gyaɗa kai, ya sake tambaya, to ban da haƙorin fa? Kamar dai na ɓoye sauran zancen a ƙarƙashin tabarma.

Matan zumunta na cocinsu na Sabon Gari sun zo cikin mota biyu, da ankonsu da tulunan kiɗansu. Shugabarsu tun daga ƙofa ta riga ta yanke cewa hawan jini ne, don ita ma shi ya ɗauke mijinta. Da ta tashi yin addu'a sai ta gode wa Ubangiji da ya ɗauki baiwarsa bayan gajeruwar rashin lafiya. Ni dai a nan na buɗe ido. Shekara biyu muna fama da abu, ban san wace irin gajeruwa ce wannan ba.

Wata tsohuwa daga dangin kakanmu, wadda ta taso tun daga ƙauye, ta ja ni bayan ɗaki ta raɗa mini cewa in buɗe idona, fuskar mutum ba ta kumbura haka banza, akwai hannu a ciki. Har ta fara lissafa mini waɗanda take zargi, ta fara da mai sayar da itace. Na ce mata ruwan zafi na jirana a murhu, na bar ta tsaye.

Cikin duk waɗanda suka zo, mutum ɗaya ce ta faɗi abin da ke raina, wata 'yar kasuwa Inyamura da Gwaggo ta yi shekaru tana sayen manja da busasshen kifi a rumfarta a kasuwar Sabon Gari. Ta fi kowa kuka, ta jiƙe gyalenta sharkaf, sannan ta share ido ta ce da Hausarta ta kasuwa, "Mama ba ta jin magana. Na gaya mata, na gaya mata." Mutane suka sunkuyar da kai kamar ta yi saɓo. Ni kuwa na je na zauna kusa da ita.

Baba, wato mahaifina, ƙanen Gwaggo da yake bi mata, yana zaune ƙarƙashin dogon yaro da 'yan uwansa dattawa. Duk wanda ya gaishe shi amsarsa ɗaya, kwana ne ya ƙare. Ban musa masa ba, ban kuma isa in musa ba. Amma da na ga takardar jana'iza da aka buga, na karanta inda aka rubuta cewa marigayiya mace ce mai sauƙin kai, mai jin shawara, na san dole in rubuta tawa. Da Gwaggo ta ga wannan layin, da ta nemi wanda ya rubuta shi ta tambaye shi ko wata matar yake nufi. Ba na son a manta da ita, ba na kuma son a tuna da wata daban a ce ita ce.

Ita ta raine ni. Mahaifiyata ta rasu ina 'yar shekara shida, Gwaggo ta zo gidanmu na Jama'a bayan an watse, ta ɗaure 'yan kayana a zane, ta ce wa Baba ta tafi da ni. Ba tambayarsa ta yi ba, sanar da shi ta yi. Mijinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya rasu tun ban yi wayo ba, 'ya'yan da ta haifa kuma babu wanda ya rayu. Saboda haka duk hankalinta da duk faɗanta a kaina suka sauka, ni kaɗai, babu mai taya ni ɗauka.

Aikinta girki ne. Ta dafa wa ɗalibai abinci a wani babban ɗakin cin abinci a Samaru har ta yi ritaya, daga nan ta kafa teburin ɗanwake da tuwon masara a ƙofar gida. Ba ta iya ganin tukunya a kan wuta ba ta buɗe ba, ko ta gidan wa ce. Za ta ɗiba a tafin hannu, ta lasa, ta kalli sama, sannan ta yanke hukunci a gaban mai girkin da baƙinta. Ranar da dangin mijina suka zo gaisuwa ta farko, miyar da na yini ina yi ta ɗanɗana ta ce musu su yi haƙuri, yarinyar tana da kirki amma hannunta bai san daddawa ba. Suka yi dariya, ni na shiga ɗaki na yi kuka. Da suka tafi ta same ni ta ce gara su ji daga bakinta da su gano da kansu.

Tana da maganganu da duk wanda ya zauna da ita ya haddace. In ɗalibi ya zo teburinta yana ta Turanci yana kewaye-kewaye, ta san aljihunsa ne ya bushe, sai ta tura masa kwano ta ce, "Ba a yi wa yunwa wa'azi, ci ka tashi." In na fara ƙorafi a kan wani abu, sai ta ce bakin da ke ƙorafi shi ne bai da abin taunawa. Akwai kuma wadda na fi tsana yanzu a cikinsu duka: wai ciwo baƙo ne, in ba ka ba shi kujera ba zai gaji ya tafi. Da wannan maganar ta yi maganin zazzaɓi da ciwon gwiwa da ƙunar mai, kuma don rashin sa'armu sau da yawa ta ci nasara. Ko ciwon suga da aka gano tana da shi, sai da Fasto ya sa baki kafin ta yarda da shan magani, shi ma sai ranar da ta ga dama.

Kowace safiya, kafin ta hura wuta, takan sa tabaronta mai kauri ta zauna bakin ƙofa ta yi karatun ibadarta da ƙarfi. Ba karatu kawai take yi ba, har gardama take da mutanen da ke ciki. Sai ka ji ta tsaya ta ce, kai ma ai ka cika taurin kai, an gaya maka ka ƙi ji. Ina shara ina jin ta, ban taɓa samun ƙarfin halin ce mata komai ba.

In ana son sanin taurin kanta, sai a tambayi Baba labarin tukunya. Akwai wata babbar tukunyar ƙarfe da kakarmu ta bari, irin ta biki. Tana ajiye a gidan Baba, sai ya ba wani abokinsa aro bai tambaye ta ba, aka dawo da ita kunne ɗaya a karye. Gwaggo ta je ta gani, ta juya. Shekara biyu cur ba ta yi masa magana ba. A coci in suka haɗu, sai ta gaishe da matarsa ta tsallake shi. Amma duk ranar Asabar sai ta zuba ɗanwake a kwano, da ƙwai da yaji yadda yake so, ta ba ɗan acaɓa ya kai masa Jama'a. Shi kuma ya dawo da kwanon cike da gwaiba ko lemo daga bayan gidansa. Babu saƙo, babu gaisuwa. Na taɓa tambayarta wace irin gaba ce wannan da ake yi da ƙwai. Ta ce gabarta da bakinsa take, ba da cikinsa ba. Ranar da gabar ta ƙare, ba a yi sulhu ba, ba a kira kowa ba. Ta shiga gidan ne ta same shi kwance da mura, ta dube shi ta ce ya rame, ta wuce madafa. Shi ke nan. Tukunyar ma ba a ƙara ambatonta ba.

To wannan matar ce haƙori ya kama.

Fiƙarta ce ta sama, ta gefen hagu. Ta fara da ɗan baƙin tabo, ya zama rami, ramin ya yi ta faɗi. Na fara lura ne da na ga ta daina cin rake, ita da ba ta wuce mai rake. Sai tauna ta koma gefe ɗaya. Sai ƙamshin kanumfari ya riƙa bin ta ko'ina, don kullum akwai ƙulli a bakin zanenta, tana cusa ɗaya a ramin. Lokacin ina koyarwa a wata firamare a Hanwa, ina zaune can da mijina, nakan leƙo ta sau biyu ko uku a mako. Na ce mu je a duba. Ta ce ba komai, sanyi ne.

Ban san maganin da ba ta gwada ba. Ruwan gishiri, alif, tafarnuwa, kanwa, man zafi a kunci. Wani mai kemis a bayan layinsu yana yanko mata kafso uku ko huɗu, ta sha kwana biyu, in zafin ya lafa ta ajiye sauran sai wani jiƙon. Wata rana na iso na tarar da ita a tsakar gida ta lulluɓe kai da zane a kan kasko, wani mutum mai yawo da jaka yana zuba wasu 'ya'yan itace a garwashi, hayaƙi na shiga bakinta. Da aka yaye zanen ya nuna mata wasu fararen abubuwa a cikin ruwa, wai tsutsotsin haƙorin ne suka faɗo. Na ɗauki ɗaya na murza a yatsa, na nuna mata cewa tsiron 'ya'yan itacen ne da zafi ya fasa. Ta ce ni dai tun da na yi karatu ba abin da nake yarda da shi. Ta zuba wa mutumin ɗanwake, ni kuma ta hana ni kujera.

Abin da ya tsare ta, imani ne da ta riƙe tun ƙuruciya: wai haƙorin sama da ido jijiyarsu ɗaya, in an cire shi ido ya tafi. Ba ita kaɗai ke faɗin haka ba, rabin matan layinsu za su rantse a kai. Amma nata ya fi na kowa ƙarfi, don kakarmu ta makance a ƙarshen rayuwarta, kuma Gwaggo ce ta yi mata jagora shekara da shekaru, daga ɗaki zuwa banɗaki, daga gida zuwa coci. Baba ya ce yanar ido ce ta kama tsohuwar, ba ruwan haƙori a ciki. Gwaggo ta ce shi yaro ne lokacin, bai san an taɓa cire mata haƙori a kasuwa ba.

Na kawo mata wata abokiyata ma'aikaciyar jinya ta yi mata bayani. Ta saurara da ladabi, ta cika mata leda da ɗanwake, da ta tafi ta ce yarinyar tana da hankali, Allah ya ba ta miji nagari. Na sa Fasto ya yi mata magana, ta ce masa za ta sa a addu'a. Na sa Baba, ya fara ke nan ta tambaye shi ko yana son su koma gidan jiya. Har zanen kan mutum na ɗauko daga makarantarmu, na shimfiɗa mata a tabarma ina nuna mata inda haƙori yake da inda ido yake. Ta sa tabaro ta duba da kyau, ta ce ai ga shi nan na gani da idona, ko ɗani ɗaya babu tsakaninsu.

Faɗanmu mafi muni ranar wata Lahadi ne bayan coci. Ƙurji ya fito mata a dasashi, ya fashe, tana tofar da mugunya a bayan ɗaki tana tsammanin ban gani ba. Na tare a-daidaita na kawo shi har ƙofar gida, na ce yau sai asibiti. Ta zauna a kujerarta ta harɗe hannu. Na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗaga mata ba. Na ce tsufa ne ko jahilci, na ce ta gaji da mu ne take son ta bar mu. Maƙwabta suka fara leƙowa.

Ta bari na gama, sannan ta ce, "Na yi wa uwata jagora, na san abin da yake. Ba za ki riƙe mini sanda ba."

Na ce, "Gwaggo, gara in riƙe miki sanda da in riƙe miki makara."

Ta dube ni ta ce in sallami mai a-daidaita, yana ɓata lokacinsa. Na sallame shi, na tafi gida. Mako uku ban taka Samaru ba. Na ce bari in gwada mata irin nata. Ranar Asabar ta farko ɗan acaɓa ya tsaya ƙofar gidana da kwanon ɗanwake.

Da na koma, sai na tarar da ita tana murna. Zafin ya ɗauke gaba ɗaya. Ta buɗe baki ta ƙwanƙwasa haƙorin da cokali don in gani, ya yi duhu kamar an shafa masa toka, amma ba ya ciwo. Ta ce ba ta gaya mini ba? Baƙon ya gaji ya tafi. Kuma ga abin da ba zan yafe wa kaina da wuri ba: na yarda. Na gaji da faɗa, na ga tana cin abinci tana dariya, na ce to alhamdu lillahi. Sai daga baya likita ya gaya mini cewa shirun nan shi ne mugun labari. Jijiyar cikin haƙorin ce ta mutu, shi ya sa ba ya zafi, ruɓar kuma ta zarce ƙarƙashin saiwa tana cin hanya a cikin ƙashi.

Wata biyar muka samu na zaman lafiya. Sai wata ranar Talata na biyo bayan an tashi makaranta, na ga ba ta fito da tebur ba. Na same ta a ɗaki ta ɗaura ɗankwali a karkace, ya rufe rabin fuska. Ta ce sabon ɗauri ne. Na janye shi. Kuncinta na hagu ya kumbura tun daga gefen hanci har ƙarƙashin ido, fatar ta yi sheƙi, jikinta zafi rau. Ta ce wani abu ne ya cije ta, kwana uku ke nan, mai kemis ya ba ta kafso, ta kuma matse wurin da tsumma mai zafi, gobe zai saɓe. Na ce mu tafi. Ta ce gobe. Wallahi na sake biye mata, na ba ta goben.

Da safe maƙwabciyarta ta kira ni a waya tun kafin a shiga aji. Na iso na tarar idon hagu ya rufe ruf, fatar idon ta yi jawur ta turo waje. Tana riƙe da kai da hannu biyu tana nishi, ta yi amai, ba ta son haske. Na yi mata magana ta kira ni da sunan mahaifiyata. Wannan karon ba wanda ya tambaye ta. Mijina da maƙwabta suka ɗauke ta suka sa a mota. Ko a haka, da muka hau titi sai da ta buɗe ido ɗayan ta ce an bar wake a jiƙe.

A babban asibiti ba su ɓata lokaci ba. Aka sa mata ƙarin ruwa, aka ɗibi jini, aka yi hoton kai. Sugarta ta haura sosai. Likitan da ya kira mu, ni da Baba, ya zaunar da mu ya yi mana bayani da Hausa a hankali. Ya ce mugunyar da ta taru a saiwar haƙorin ta bi ta cikin kunci ta kai bayan ido. Jijiyoyin jinin fuska suna da hanya zuwa cikin kai, cutar ta bi su, jini ya daskare a wata babbar jijiya da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, rufin ƙwaƙwalwar ma ya kamu. Ya ce matsawa da gashin da ta yi sun ƙara tura abin ciki, suga kuma ta raunana jikin. Za su yi iya ƙoƙarinsu.

Baba ya tambaye shi, da an cire haƙorin tun farko, idon zai mutu? Likitan ya ce a'a, babu abin da zai sami idon, aiki ne da ba zai kai awa ɗaya ba, da ƙafarta za ta koma gida. Ya ce barin haƙorin ne ya taɓa idon, ba cire shi ba. Baba ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

Sun cire haƙorin, sun tsaga sun fitar da mugunya, suna ta zuba mata magani ta jijiya. A kwana na uku kumburin ya tsallaka ido na dama. Abin da ta guda shekara biyu, shi ya same ta a gadon nan, duka biyun a rufe. A kwana na biyar hankalinta ya ɗan dawo da rana. Ina ba ta kunu da cokali, ta ɗanɗana ta ce wa ya dama wannan, babu tsamiya. Na yi dariya har da hawaye, na ce ta warke. Ta lalubo hannuna ta tambaye ni ko sun cire. Na ce sun cire. Sai ta ce, "Kin gani ko? Ba na gani."

Na buɗe baki zan yi bayani, zan ce ba haka ba ne, zan fara daga farko. Baba ya dafa kafaɗata. Na rufe bakina. Ta tafi da yaƙinin cewa ita ce da gaskiya, kuma wannan yana cikin abubuwan da suke ci mini rai har yau. Washegari ta fara fizge-fizge, daga nan ba ta ƙara magana ba. A kwana na tara, da hantsi, ta huta.

Akwai alherin da ta yi wanda ba a sa a takardar jana'iza ba, don ba a coci ta yi shi ba. Maƙwabciyar da ta kira ni a waya matar wani tela ce, Musulma, gidansu na kallon na Gwaggo. Lokacin da ta yi haihuwar fari, mahaifiyarta na can nesa tana jinya, babu mai zuwa. Gwaggo ba ta jira an roƙe ta ba. Ta ɗaga lokacin fitar da tebur, ta riƙa tsallakawa safe da yamma tana dafa ruwa, tana yi mata wankan jego, tana dama mata kunun kanwa, har aka yi arba'in. Tana yi tana faɗa, wai ba ta iya riƙe jariri ba, wai mijin ya sayo itace ɗanye. Tun daga nan matar take kiranta Inna, kuma ita ce kaɗai a duniya da Gwaggo ke bari ta shiga ɗakinta ba sallama.

Bayan an gama zaman makoki, an mayar da bencin coci, ina tsakar gida ina ware kwanonin aro, sai maƙwabciyar ta shigo ta tsaya. Ta ce tana da magana, ta rasa yadda za ta fara. Na ba ta kujera, ta ƙi zama.

Ta ce a cikin makonni ukun nan da na yi fushi ban zo ba, wata safiya Inna ta ƙwanƙwasa mata ƙofa, ta yi wanka ta sa zanen zuwa coci, ta ce ta raka ta unguwa. Sai da suka hau mota ta gaya mata asibitin haƙori za su. Suka yanki kati, suka zauna a benci tun safe har kusan azahar. Ta ce duk tsawon zaman Inna na riƙe da hannunta gam, tafin ya jiƙe da gumi. Da aka kira sunanta ta miƙe, ta taka har bakin ƙofa. Sai ta ji ƙarar injin daga ciki, ta ga an fito da wani yana riƙe da auduga a baki. Ta tsaya. Ma'aikaciyar asibitin ta sake kira. Inna ta juyo ta ce su tafi gida, ta manta wuta a murhu. Babu wata wuta a murhu.

A hanya ta sa ta yi alkawari ba za ta gaya wa kowa ba, musamman ni. Maƙwabciyar ta ce ta tambaye ta me ya sa ba ta zo da ni ba tun farko, ai ni na fi sanin kan asibiti.

"Ta ce, 'Yarinyar nan tun tana shekara shida ba ta taɓa ganin na ji tsoro ba. Da wa za ta jingina in ta gani?'"

Ta fashe da kuka, ta ce in yafe mata, da ta karya alkawarin da wataƙila Inna na nan. Na ce ta daina, ba wanda ya taɓa karya wa Gwaggo alkawari ya kwana lafiya. Na zaunar da ita, muka gama ware kwanonin tare.

Shekara biyu na yi ina yi mata bayani. Na kawo ma'aikaciyar jinya, na kawo Fasto, na kawo zane daga makaranta, na yi tsawa a gaban maƙwabta. Duk a zatona da taurin kai nake faɗa, don shi na sani a wurinta. Ko sau ɗaya ban zauna kusa da ita na ce, Gwaggo, abin da ban tsoro, ni ma da zan ji, zo mu shiga tare in riƙe ki. Ban ce da zai yi aiki ba. Wataƙila da ta kore ni. Amma shi kaɗai ne ban gwada ba.

Ubangiji ya ba ta hutawa a wurinsa, ya buɗe mata idanun nan biyu da ta tafi da su a rufe, ya ba Baba ƙarfin zuciya. Ni kam har yanzu haushinta nake ji, kuma ban ga ranar da zai wuce ba. Sai dai tun daga wannan yammacin haushin ya rabu biyu, rabi nata, rabi nawa.